Mun kai gwiwar ƙanena Kano

Tun daga Nguru har tashar Yankaba ƙanena bai iya lanƙwasa ƙafar dama ba, dole muka biya kujera biyu a gaba don ya miƙe ta. Gwiwar ta daɗe da kumbura. A gida wasu sun ce sanyi ne, wasu targaɗe, mai ɗori ya ja ya ɗaure, har wanzami ya ce a kawo shi a yi sakiya. Allah Ya sa Inna ta ƙi.

Ɗan adaidaitan farko da ya ga yaro da sanda sai ya ninka kuɗi, wai za mu cinye masa waje. A Nguru ko kunyar idon jama'a ba za ta bar mutum ya yi wa majinyaci haka ba. Amma Kanon nan ce kuma ta ba mu Baba Alhaji, abokin marigayi mahaifinmu a Gwammaja, wanda ya kwashe kayan ɗakin zaurensa ya ba mu ɗakin. Da na yi maganar masauki sai ya ɗaure fuska: “Ɗana, kada na sake jin wannan zance. Ubanka ya ci da ni a Nguru ina ba ni da komai.” Kullum da safe Hajiya sai ta aiko da gurasa da ƙuli, ta sha mai da yaji.

Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma layinsa ya tara ƙasashe. Kusa da ni wani Badamagare ne da ɗansa. Likitan da ya gan mu bai yi garaje ba. Ya daɗe da yatsu a bayan gwiwar, yana neman ko kumburin na bugawa. Ya ce babbar jijiyar jini ta nan take wucewa, wani lokaci takan buɗe ta yi ƙullutu, in aka sa mata aska jinin ba mai tsayawa ba ne. Jikina ya yi sanyi da na tuna wanzami. Hoton jijiya ya nuna lafiyarta ƙalau, amma da likitan ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila, ƙarshen ƙashin cinya ya zama rami-rami kamar kumfar sabulu.

“Likita, daji ne?” in ji ƙanena, muryarsa na rawa.

“Hoto ba ya yanke wannan hukunci, Malam. Sai an ɗebi tsoka an duba.”

Hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, a wani wuri mai zaman kansa muka yi, kuma nan raina ya ɓaci. Mai karɓar kuɗi ko sallamata bai amsa ba, ya wurgo mini takarda yana latsa waya, ya ce in kuɗin bai cika ba mu ba wasu wuri. Kuɗin kuwa rago guda ne na Inna. Na yarda na'ura tana da tsada, wuta ma haka, amma amsa sallama ba a sayenta. Abinci a bakin asibitoci shi ma an tsuga masa kuɗi, kifin da muke kyauta da shi a gida a nan sai ka yi ciniki.

Sakamakon tsoka ya ce ƙari ne na ƙashi mai manyan ƙwayoyin halitta, irin da ba a cika gani ba. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, ya fi son gefen gwiwa. Yawanci ba daji ba ne, sai dai yana cinye ƙashi har ya karye, jefi-jefi kuma yakan kai huhu, shi ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, ko da jan mai ɗori ya karya wurin, da ceton gaɓar ya yi wuya.

An yi tiyata, an kankare ramin an cike shi da simintin ƙashi. Baba Alhaji ne ya biya sandunan dogarawa, ya rako mu har Yankaba. Ƙarin yana iya dawowa, musamman a shekarun farko, don haka an rubuta mana ranar komawa a sake hoto.