Inji na juyawa amma mota ta ƙi tashi: a gwada kafin a sayi kaya

Abin da ya fi cin kuɗin masu mota a garejojin Sabon Gari da Tudun Wada shi ne canki-canki. Mota ta ƙi tashi, sai a ce famfon mai ne, a sayo. Ba ta tashi ba, a ce koyil, mai ba fulogi wuta. Daga nan a koma kan birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Kafin a gano ɗan fiyus ɗin da ya ƙone, mai mota ya sayi kaya uku masu tsada, alhali nasa na asali lafiyarsu ƙalau. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin injin fetur abu huɗu kawai yake nema ya tashi: mai, wuta, matsi a cikin silinda, da kuma zuwan kowanne a kan lokacinsa, wato taimin. Kowane ɗaya yana da hanyar gwaji.

Fara da kunnenka. Idan kik na jan inji da ƙyar kamar mai ciwon baya, koma kan batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma lokacin da ake kiki bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. Idan ya faɗo, birenbos na iya ɗaukewa ko da inji na juyawa. Duba kawunan batir da wayar da ta haɗa shi da jikin mota, a kankare farin gishirin nan, a ɗaure tamau. Safiyar hunturu ce take tona asirin batirin da ya gaji. Idan kuwa inji na juyawa da sauri fiye da yadda ka saba ji, sautin ya zama sumul babu tsalle, dakata nan take. Alamar babu matsi ke nan, kuma sau da yawa taimin bel ne ya tsinke. Kowane kiki kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a bar kik ya huce kamar minti ɗaya.

Sai dashbod. Da ka buɗe makulli, fitilar inji ya kamata ta kama. Idan ba ta kama ba sam, wuta ba ta isa birenbos ba, sai a bi fiyus da rile ɗinsa, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta. Idan kuma fitilar makulli ko ta tsaro na ta ƙiftawa, motar ba ta gane makullinta ba. Wannan na faruwa da wanda ya yanko sabon makulli a kasuwa ba tare da an saita ɗan guntun da ke cikin kansa ba. Gwada ɗaya makullin.

Gwajin da ya fi raba gardama da wuri shi ne wannan: a cire robar da ta taso daga iyakilina, a fesa maganin wanke kabireta na daƙiƙa biyu a bakin totur, a mayar da roba, a yi kiki. Idan inji ya kama na ɗan lokaci ya mutu, wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari bai yi ba, nemi wuta. Ina roƙon yaran gareji su daina tuttula fetur daga gora a wannan wuri. Inji na iya mayar da wuta baya ta kama hannun mutum da fuskarsa.

A ɓangaren mai, fara tabbatar da akwai shi a tanki, domin allurar tsofaffin motoci tana ƙarya. Sa wani ya buɗe makulli, kai kuma ka kasa kunne a bakin tanki ko ƙarƙashin kujerar baya. Yawancin motoci famfonsu na yin kuka na kamar daƙiƙa biyu. Amma a lura, wasu Toyota ba sa kunna famfo sai ana kiki, saboda haka shirun da ka ji ba hujja ba ce. Idan babu kuka, kada a yi saurin sauke tanki. Duba fiyus, musanya rile da wani irinsa da ke cikin akwatin, kamar na ham, sannan a sa fitilar gwaji a soket ɗin famfo. Wuta na zuwa amma famfo shiru, to famfo ya mutu. Wuta ba ta zuwa, aikin mai waya ne. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna wajen tsagewar dalma a cikin babban rile, motar ta ƙi tashi idan ta sha rana, da yamma kuma ta tashi kamar ba ita ba. Wasu Peugeot da Ford kuma suna da maɓallin da ke yanke mai idan mota ta ji duka mai ƙarfi, dannawa kawai yake so.

Jin kukan famfo ma bai isa ba. Injakta, mai fesa wa inji fetur, na bukatar ƙarfin mai kusan psi 40 zuwa 55 a yawancin motocin da muke hawa, kuma cire tiyo a ga mai na zuba ba ya nuna ƙarfin, sai da geji. Famfon da ya gaji ko matatar da ta toshe za su ba da mai amma babu ƙarfi. Idan matsalar ta fara ne bayan an sha man 'yan bumburutu, ko bayan ruwan damina, a zubo kaɗan a kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka, kuma daga ƙasan tanki famfo yake zuƙa.

Wuta kuwa, a cire koyil ɗaya ko wayar fulogi, a sa fulogi a ciki, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a yi kiki. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Kada a riƙe da hannu. Abin lura a nan: motar da kowane silinda ke da nasa koyil ba ta ƙin tashi don koyil ɗaya ya mutu, sai dai ta yi ta rawa. Idan duka huɗun babu wuta, ba koyil ba ne, abin da ke ba su umarni ne, kuma na farkon zargi shi ne sensar karanshaf, wadda ke gaya wa birenbos cewa inji na juyawa. Kalli allurar gudun inji lokacin kiki, ko a sa sikana, na'urar da ke karanta bayanan birenbos: ya kamata a ga juyi 150 zuwa 250 a minti. Idan sifiri ne, birenbos bai san inji na juyawa ba, ba zai ba da wuta ba, ba zai buɗe injakta ba. A sikana, lambar P0335 ta sensar karanshaf ce, P0340 ta sensar kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Ko an ga lambar, a bi wayar da soket tukuna, domin ɓera da zafin salansa suna cinye waya. Masu Golf 3 da sauran motoci masu distiribita su buɗe murfin su duba tsagewa da danshi, musamman bayan wankin inji.

Fulogin da ka cire ma yana magana. Idan a bushe yake bayan dogon kiki, mai bai iso ba. Idan ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, mai ya yi yawa. Taka totur har ƙasa ka riƙe, ka yi kiki. Motoci da yawa suna rage mai ko su yanke shi a haka har silinda ta bushe. Idan abin na maimaituwa, a gwada sensar zafin ruwa, wadda idan ta lalace take gaya wa birenbos cewa ana tsananin sanyi, shi kuma ya yi ta ambaliyar mai.

Mai da wuta duk suna nan amma shiru? Saura matsi da taimin. Buɗe murfin baƙin mai ko murfin bel, wani ya yi kiki, ka ga ko kamshaf na juyawa. Idan ba ya motsi, bel ya tsinke, kuma a injuna da yawa fistin ya riga ya bugi bawul, don haka sa sabon bel kaɗai ba zai tayar da ita ba. Idan yana juyawa, a daidaita alamomin taimin a ga ko ya tsallake haƙori. Sannan a sa gejin matsi, fulogi duka a waje, fiyus ɗin famfo a cire, totur a buɗe. Lafiyayyen inji na ba da psi 130 zuwa 180, silinda ba sa bambanta da juna fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, a motar da ta taɓa yin zafi, gaskit ɗin kan inji ne. Idan ɗaya ce ta yi ƙasa, zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa: matsi ya tashi, rin ɗin fistin ne suka cinye, bai tashi ba, bawul ne ke yoyo.