Alhamis a Zinder: ƙananan fayafan kamera da suka ƙi shiga montaj

Alhamis, ranar kasuwar Dole, hazo ya rufe gari tun asuba. Aikin yau a shagona na fayafan DVD bakwai ne, ƴan ƙananan nan masu faɗin santimita 8 da ake sawa a cikin kamera, waɗanda wata Hajiya daga Birni ta aiko da jikanta a cikin gwangwanin alewa. Bikin aure ne da suna da hawan sallah ɗaya a ƙofar fada, na tsakanin 2007 da 2009, kuma babu kwafinsu a ko'ina. So take a haɗa su a yi musu montaj, wato a yanka hoton a jera shi. An riga an kai su wani wuri, aka ce mata huɗu daga ciki babu komai a kansu.

Irin waɗannan kamerori Hitachi ne ya fara fito da su a 2000, Sony da Panasonic da Canon suka biyo baya. Fuska ɗaya ta faifan tana ɗaukar giga 1.4: minti 20 a mataki mafi kyau, minti 30 a matsakaici, awa guda a na ƙasa. Tsarin matse hoton MPEG-2 ne, na sautin kuma galibi AC-3. An yi su don a cire faifai a sa a na'urar kallo ta ɗaki, ba don a yanka a haɗa ba, kuma kusan duk matsalolin yau daga nan suka samo asali.

Kafin komai, na'urar karanta faifan. Sai mai faranti, wadda ke da ƙaramin gurbi a tsakiya daidai santimita 8. Mai tsaga da ke zuƙe faifai ba a sa mata ƙarami, yana maƙalewa a ciki. An goge kowane faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba, domin layin rubutun a zagaye yake tafiya, kuma karcen da ya bi layin ya fi wanda ya ratsa shi ɓarna. A lokacin hunturu sai an fara hure ƙurar tukuna, in ba haka ba ƙyallen ne da kansa zai ja yashin ya karce fuskar.

Faifai na farko cikin huɗun nan yana shiga, yaron shago ya ce, "Maigida, kwamfuta tana tambaya yadda za a shirya shi don rubutu. In amsa mata?" Na ce, "Kul! Rufe tambayar, juya faifan ka duba bayansa a haske." Launin wurin da aka rubuta ya bambanta da na sauran, kuma ya kai kusan baki. Ke nan a cike yake. Abin da ya faru shi ne ba a rufe shi ba. Kamera tana zuba hoto a kan DVD-R, faifan da ake rubutawa sau ɗaya, yayin ɗauka, amma jerin da ke gaya wa kwamfuta inda kowane abu yake ba ta rubuta shi sai ranar da aka umarce ta ta rufe faifan. Kamar rumbu ne cike da gero da ba a fasa masa ƙofa ba. Idan faifan DVD-RW ne, wanda ake iya sharewa a sake rubutawa, aka amince wa kwamfuta ta shirya shi, an share bikin mutane ke nan. Wannan tambayar tana ba ni tsoro fiye da kowane karce.

Maganin da ya fi tsabta shi ne a mayar da faifan cikin kamerar da ta ɗauke shi. Na tura jikan ya tambayi Hajiya, aka yi sa'a tana nan a cikin adaka, batirinta ya mutu amma cajarta na aiki. Daman da caja ake son a yi rufewar, yawancin kamerorin ma ba sa yarda a yi ta da batiri. Na jona cajar a batirin tsaron da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, saboda yankewar wuta a tsakiyar rufewa tana iya lalata faifan gaba ɗaya. A jerin umarnin kamerar ana neman FINALIZE, ko FINALISER idan da Faransanci aka saita ta. A ajiye ta a kan tebur kada a taɓa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne faifan da aka ɗauki ɗan kaɗan a kansa ya fi cikakke daɗewa wajen rufewa, sai su zaci ta tsaya su kashe. Uku sun rufu kafin azahar. Ɗaya cikinsu mai fuska biyu ne, giga 2.8, babu rubutu a kowane gefe, kuma kowace fuska da rufewarta daban. Yawanci idan aka ce rabin biki ya ɓata, ba a juya faifan ba ne.

Na huɗun kamerar ta ƙi karɓa, alamar da wata kamera aka ɗauke shi, wataƙila ta mai ɗaukar biki da aka yi haya. Shi sai manhajar IsoBuster, wadda ke karanta faifai yanki-yanki ba tare da jiran jerin ba. Ta nuna sassa uku a kansa, biyu ƙanana da ɗaya babba, babban shi ne hoton. An ciro shi yadda yake zuwa kwamfuta aka sa masa suna da .vob a ƙarshe, manhajar kallo ta VLC ta buɗe shi.

Ƙa'idar da ba na sassautawa: ba a montaj daga kan faifai. A kwafe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a ba ta suna da lambar faifan, a mayar da faifan gidansa. Wannan kwafin na asali ne, ba a canza masa ko harafi ɗaya. Duk gyaran da za a yi, a kan kwafi na biyu ne.

Abin da ke cikin jakar ya danganta da yadda aka shirya faifan tun farko. Biyar daga cikin na yau suna da jakar VIDEO_TS. A ciki, masu IFO jeri ne, masu BUP kwafin jerin ne na ko-ta-kwana, hoton yana cikin masu VOB. VIDEO_TS.VOB da VTS_01_0.VOB allon zaɓi ne kawai, ba a buƙatarsu. Ainihin bikin yana cikin VTS_01_1.VOB da VTS_01_2.VOB, an raba shi biyu ne saboda tsarin DVD bai yarda VOB ɗaya ya wuce giga 1 ba. Faifai ɗaya kuma DVD-RW ne da aka shirya a wani tsarin ɗauka daban mai suna VR, jakarsa DVD_RTAV, hoton duka yana cikin VR_MOVIE.VRO. Shi sau da yawa canza ƙarshen sunan kwafinsa zuwa .mpg ya wadatar.

A nan gizo ke saƙa. An ja VTS_01_1.VOB cikin manhajar montaj, nauyinsa giga guda, amma ta ce tsawonsa daƙiƙa 14. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. A cikin MPEG-2 kowane hoto da kowane guntun sauti yana ɗauke da lambar lokacinsa, kuma kamera da yawa duk sa'ad da aka danna tsayawa aka sake danna ɗauka, sai su fara ƙirgen daga farko. Na'urar kallo ba ruwanta, IFO take bi. Manhajar montaj kuwa lambar farko da ta ƙarshe take dubawa ta ƙiyasta tsawo, sai ta samu na guntu ɗaya kawai. Mai ɗaukar biki yana iya tsayawa sau talatin a faifai guda. Wannan dalilin ne kuma ke sa baki da murya su rabu yayin da hoto ke nisa.

Matakin farko shi ne a liƙa gutsattsarin VOB ɗin, domin yankan giga 1 yana faɗawa ne a tsakiyar hoto, in an shigar da su daban-daban sai a ga tsalle da yankewar sauti a mahaɗar. A tagar umarni ta Windows:

copy /b VTS_01_1.VOB + VTS_01_2.VOB biki.vob

Wannan /b ɗin dole ne, idan babu shi fayil ɗin zai lalace. Kuma masu lamba ɗaya kaɗai ake liƙawa. Idan akwai VTS_02, rukuni ne daban, galibi saboda an canza faɗin hoto a tsakiyar ɗauka, shi ma a liƙa nasa shi kaɗai. Daga nan a sake zuba hoton da sautin a sabon mazubi da ƙirgen lokaci mai ɗorewa, da ffmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni:

ffmpeg -fflags +genpts -i biki.vob -map 0:v:0 -map 0:a:0 -c copy -f vob biki.mpg

Wannan ba ya taɓa ingancin hoto ko kaɗan, kuma cikin ƙasa da minti guda yake gamawa. Sabon fayil ya nuna minti 29 da ƴan kai. Wanda bai saba da rubuta umarni ba, tsohuwar manhajar MPEG Streamclip tana da wurin gyara yankewar ƙirgen lokaci, manhajar montaj ta Vegas kuma tana da hanyar shigo da faifan kamera kai tsaye, tana bin IFO ta raba kowace ɗauka daban. Abin da ba na so shi ne a jefa VOB cikin irin manhajojin nan masu mayar da komai MP4 da danni ɗaya. Hoton da aka riga aka matse a kan megabit 6 a daƙiƙa, in aka sake matse shi kafin montaj, sannan aka kuma matse shi wajen fitarwa, zanen lallen amarya da aikin babbar riga sai su zama dabbare-dabbare.

Bayan la'asar sai batun sauti. Hoto ya shiga, layin sauti babu komai. AC-3 sai da lasisi, manhajojin montaj da yawa ba sa zuwa da mai karanta shi, suna dogara ga na Windows, shi kuma Windows 11 daga sigar 24H2 ba ya zuwa da shi a sabon girkawa. Ba sai an cika kwamfuta da tarkacen kodek, wato ƴan manhajojin karanta sauti da hoto, daga intanet ba. A ciro sautin a mayar da shi WAV, tsarin sauti marar matsi:

ffmpeg -i biki.mpg -vn -ac 2 -ar 48000 -c:a pcm_s16le sauti.wav

Minti 30 yana cin wajen mega 345. Wannan -ac 2 yana da amfani ga kamerorin da ke ɗaukar sauti 5.1, mai hanyoyi shida, inda wani lokaci kiɗan algaita da tambura ke fitowa amma maganar mutane ta nutse. A bar shi a 48000, kada a mayar 44100. Idan hoton ne bai fito ba sai baƙin allo, akwai MPEG-2 Video Extension a shagon Microsoft, kyauta.

Faifan hawan sallah ya shiga da dawakai dogaye sirara. An ɗauke shi a 16:9, wato hoto mai faɗi, amma alamar hakan tana cikin IFO, shi kuwa hoton a cikinsa an rubuta 4:3. Girman 720 sau 576 ne a duka biyun, bambancin yana ga faɗin kowane ɗigo: kusan 1.09 ga 4:3, kusan 1.46 ga 16:9. A cikin manhajar montaj ake gaya mata ta fassara hoton da 1.46. Ba a ja gefensa da hannu ana kintace.

A wannan faifan ne kuma haƙoran matsefi suka fito a gefen duk abin da ke gudu. Kamerar tana ɗaukar rabin layuka sau 50 a daƙiƙa, talabijin ta da tana saƙa su, allon kwamfuta da na waya kuwa suna nuna rabi biyu a tare. MediaInfo, manhajar da ke bayyana tsarin fayil, ta nuna layin sama ne ke fara zuwa, kamar yadda aka saba a kamerorin faifai, saɓanin kaset ɗin DV da na ƙasa ke fara zuwa. Wanda ya buɗe aikinsa da saitin DV bai gyara wannan ba, zai ga doki yana rawar ɗari a guje. Tunda a waya da kwamfuta iyalan za su kalla, na warware saƙar tun daga tushe:

ffmpeg -i hawa.mpg -vf bwdif=1 -aspect 16:9 -c:v prores_ks -profile:v 2 -c:a pcm_s16le hawa.mov

Wannan yana ba da cikakken hoto 50 a daƙiƙa, sukuwar ta fito sumul, kuma manhajojin da ba sa karɓar VOB sam suna karɓar wannan. Sai dai nauyi: ya zarce giga 4 nesa, don haka kile (USB) mai tsarin ajiya FAT32 ba za ta ɗauka ba, sai exFAT ko NTFS. A riƙa duba MediaInfo ga kowane faifai, domin kamerar da aka aiko daga Amurka 720 sau 480 take ɗauka a kan hoto 29.97 a daƙiƙa, ba a cusa ta cikin aiki mai hoto 25 a daƙiƙa kai tsaye. Wanda kuma ya ga jakar BDMV a kan ƙaramin faifai, wannan AVCHD ne, tsarin da ya fito a 2006, hotonsa H.264, a kwafe jakar dukanta da ƴaƴanta.

Saura na bakwai, na sunan. Kwafi yana kaiwa kusan ƙarshe sai Windows ta tsaya da "contrôle de redondance cyclique", wato ta kasa karanta wani yanki. DVD daga tsakiya ake rubuta shi zuwa baki, saboda haka ƙarshen taro ne ke bakin faifai, inda yatsu da karce suka fi yawa. Rubutun yana tsakanin ɓawo biyu na roba, kowane kaurinsa milimita 0.6, don haka karce na sama bai kai gare shi ba, hasken na'urar kawai yake karkatarwa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne wanda zafi ya ci rinin da ke riƙe rubutunsa ko ya raba ɓawon, abin da ajiya a ɗakin kwano a watan Afrilu ke jawowa. Wannan bai kai can ba. Windows tana watsar da fayil duka saboda yanki ɗaya, manhajar ddrescue a Linux kuwa tana kwashe mai kyau tukuna ta dawo wa mai wuya:

ddrescue -b 2048 /dev/sr0 suna.iso suna.map

Fayil na ƙarshen nan yana riƙe lissafin inda aka samu da inda aka rasa, ko wuta ta ɗauke daga nan za a ci gaba, kuma ana iya sauya na'urar karatu a sake bi, domin abin da wata ta kasa wata takan karanta. Zuwa magariba ta kwashe komai sai ƴan yankuna a baki. Jikan ya zo, na ce masa, "Ka gaya wa Hajiya shida sun fita lafiya, na sunan ma yawancinsa ya samu. Ka kawo kile biyu, ɗaya ta montaj, ɗaya ta kwafin asali, kuma kada a zubar da fayafan ko kamerar." Gobe in sha Allah za a gwada yankunan da suka rage a na'ura ta biyu kafin a fara yanka.