Ranar Da Aka Sa Da Gawar Da Aka Binne: Yadda Ake Gina Labarin Soyayya Mai Sarƙaƙiya

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata duk mai rubuta labarin soyayya mai haɗe da tashin hankali ya yi wa littafinsa kafin ya saki shafin farko. A zare kisan, ko satar, ko barazanar da ke ciki, a ajiye gefe. In har masoyan za su haɗu, su yi zance, a sa rana, a ɗaura aure ba tare da komai ya canja ba, to labari biyu ne aka zuba a ƙwarya ɗaya, kuma ba su gauraya ba, kamar ruwa da man gyaɗa. Sai kuma a juya, a zare soyayyar. In asirin zai tonu ko da jarumar ba ta taɓa son kowa ba, nan ma da sauran aiki. Abin da ake nema shi ne mutumin da zuciyarta ta fi kwanciya da shi ya zama shi ne wanda hujja ta fi nunawa, ta yadda duk takun da ta yi zuwa ga gaskiya yana iya raba ta da shi.

Marubutanmu da yawa suna wahalar da kansu wajen aro jami'in bincike irin na finafinan Amurka, da baƙin tabarau da bindiga a ƙugu, alhali al'adar aurenmu ta riga ta tanadi duk kayan aikin. Sa rana agogo ne: da zarar manya sun ce bayan ƙaramar salla da sati biyu, mai karatu ya fara ƙirga kwanaki. Binciken da dangi ke yi wa mai neman aure kuwa shi ne aikin ɗan sanda na gaske a wurinmu. Ana tambayar maƙwabta, ana tambayar limamin unguwa, ana tura wani ƙauyen asalinsa. Ba wanda zai yi mamaki in an ga Kawu ya tashi daga unguwar Jekadafari a Gombe ya tafi garin Dukku yana tambayar waye kakan yaron nan, kuma a hanyar ne zai tsinci abin da bai je nema ba.

Ga misali da za mu riƙe har ƙarshe. Wani dillalin wake a Tudun Hatsi, cikin Gombe, ya rasu da daddare ana tsakiyar kaka. 'Yarsa Asma'u saura kwana 70 bikinta da Sadiƙu, wanda shi ne ke riƙe da littafin shiga da fitar kayan mahaifinta. Bayan addu'ar bakwai aka buɗe sito, aka tarar buhu 400 sun yi ƙafa, kuma sa hannun Sadiƙu ne a takardar fitar da su. Bappanta, wato ɗan'uwan mahaifinta, ya ce a fasa auren. Goggonta ta ce marigayi ne ya ba da ita, ba mai tayar da maganar mamaci. Ita kuwa Asma'u ta san abu ɗaya da ba wanda ya sani: a daren rasuwar Sadiƙu bai zo zance ba, kuma ya yi mata ƙarya game da inda ya je.

Matsala mafi girma ga mai rubuta kisa a ƙasar Hausa ita ce gawa ba ta kwana biyu. Wanda ya rasu da dare, kafin hantsi an kai shi makwancinsa, kuma dangi ba su cika yarda a yanka mamaci don bincike ba. Wasu marubutan suna tsallake wannan, sai ka ga likita ya fito da farar takarda yana bayyana sunan guba. Mai karatu a Bolari ko Fadaman Mada ya san ba haka ake yi ba. Gara a rungumi matsalar, domin ita ce ma ribar. Tunda babu gawa, shaida tana bakin mutane ne. Wanda ya yi wanka ya ga wani tabo a wuya ya yi shiru, saboda an hore shi da suturta abin da ya gani ga mamaci. Yarinyar da ta wanke kwanukan daren ta lura kofi biyu ne a ɗakin, ba ɗaya ba. Maƙwabci ya san marigayi bai taɓa rasa sahun isha'i ba sai ranar. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da dalilin yin shiru, na kunya, na addini ko na tsoro, kuma aikin jarumar shi ne ta gano me zai buɗe bakin kowa. Wannan kaɗai ya isa ya ciyar da babi goma.

Sallolin nan biyar su ne ma'aunin lokaci, a yi amfani da su. Mutanenmu ba sa cewa ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu; cewa suke ana idar da magariba. Wanda ya ce yana masallaci, akwai wanda ya tsaya kusa da shi a sahu, ko babu. Haka nisan gari. Daga Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri kimanin kilomita 150 ne, ba a zuwa a dawo tsakanin magariba da isha'i. Zuwa Kumo ko Dadin Kowa kuwa ana iya kaiwa cikin ƙasa da awa ɗaya. In Sadiƙu ya ce Bauchi ya tafi bayan la'asar amma an gan shi a Pantami, cikin Gombe, ana kiran isha'i, mai karatu ɗan gari zai kama ƙaryar kafin Asma'u, kuma jin daɗin da zai yi shi ne zai dawo da shi gobe.

Kafin a rubuta kalma ɗaya ta littafin, a samu wani littafi daban na rubutu, wanda ba mai ganinsa. A shafin farko a rubuta laifin tiryan-tiryan yadda ya faru: wa ya yi, da me, a wane lokaci, ta wace ƙofa ya shiga, me ya manta. A shafi na biyu a ja layuka, kowane mutum da layinsa, a rubuta abin da ya sani, abin da yake zaton ya sani, da abin da yake ɓoyewa. Rashin wannan shafin ne ke sa a babi na 40 wata ta ambaci sirrin da ba a taɓa gaya mata ba.

Waɗanda ake zargi kada su wuce uku ban da jarumin. Biyu sun yi kaɗan, mai karatu zai canka da wuri. Biyar kuma sunayensu za su cakuɗe masa, musamman mai karantawa a waya yana cikin Keke Napep. Kowannensu a ba shi sirri na gaskiya wanda ba kisan ba. Bappa ya ci bashi da sunan marigayi. Amaryar gidan tana da ciki da ba ta faɗa ba tukuna, kuma cikin zai canja rabon gado. Abokin kasuwanci ya sayar da waken da ya sha magani fiye da ƙima. Duk suna ƙarya, amma ɗaya ne kawai ke ƙarya saboda jini. Shi ma Sadiƙu dole ƙaryarsa ta kasance da dalilin da zai ƙara masa daraja in ya fito, misali marigayi ne ya aike shi a ɓoye ya kuma rantsar da shi. In dalilin ya zama na banza, soyayyar ta mutu ko da an wanke shi daga kisa.

A nan sanin hukuncin gado yana da amfani ƙwarai, kuma kuskure a cikinsa ba ya yafuwa wurin masu karatu. Matan mamaci suna raba kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ɗan'uwan mamaci ba ya samun komai in akwai ɗa namiji, amma in 'ya'ya mata ne kaɗai yana iya cin abin da ya saura, wanda ke nufin cikin amaryar nan yana iya hana Bappa komai in ta haifi namiji. Wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu, kuma a tsawon lokacin matan suna zaune a gida ɗaya, suna ci a tukunya ɗaya, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Ba sai an kai mutane wani tsohon bene a dawa ba kafin a kulle su wuri guda.

Kowace hujja mai muhimmanci a nuna ta sau uku. Na farko a wuce ta kamar ba komai, a tsakiyar wani zance mai daɗi, lokacin da hankalin mai karatu ke kan ko Sadiƙu zai furta abin da ke ransa. Na biyu a ba ta fassarar da ba daidai ba. Na uku ta faɗo da ainihin ma'anarta. Wurin ɓoye hujja mafi kyau shi ne fagen soyayya, saboda a nan ne mai karatu ke sakin jiki. Shi ya sa bai kamata a ware babin zance daban, babin bincike daban ba. Zaman da suka yi a zaure, ƙanwarta na kai da kawo da ruwa, shi ne zaman da za ta ga ƙurar jar ƙasa a takalminsa.

Ga masu sakin labari kullum a WhatsApp ko Wattpad, tsarin yana da nasa lissafi. In littafin shafi 60 ne, laifin ya faru kafin shafi na 5, zargi ya hau kan jarumin kafin na 12, kuma shafukan kyauta, waɗanda ake karantawa kafin a biya kuɗi, su ƙare a daidai inda jarumar ta ɓoye wata hujja don ta kare shi, domin daga nan ita ma ta shiga ciki. Wajen shafi na 30 a rushe abin da kowa ya ɗauka gaskiya ne. Wajen na 45 su rabu, rabuwa mai dalili, ba don ta gan shi da wata a mota ba. Babban haɗarin wannan hanya shi ne sharhin masu karatu. Wata za ta canki mai laifin tun a shafi na 20, sai marubuciya ta ji haushi ta canja shi. Kada a yi haka. Duk hujjojin da aka shuka suna nuna mutum na farko ne, in aka sauya sai ƙarshen ya zama kamar an ɗora wa jaki kan raƙumi. Mutum ɗaya ya canka cikin ɗari ba asara ba ce, alama ce an yi wa mai karatu adalci.

Akwai kuskuren da ya fi ci mini rai, kuma ya yawaita: a mai da jarumin kansa abin tsoro, ya mari yarinya, ya kulle ta, ya wulaƙanta ta, sannan a ce so ne ya yi masa yawa. Zargi daban, zalunci daban. Mai karatu ya yi shakkar Sadiƙu saboda abin da hujja ta nuna, amma a duk inda ya tsaya da Asma'u a ga mutunci. 'Yan mata masu shekara 15 suna karanta littattafan nan a ɗakunan iyayensu.

Sauran kurakuran gajeru ne. Kada boka ko aljani ya warware abin da aka ƙulla da hankali. In akwai sihiri a labarin, a nuna shi tun farko. Kada mai laifi ya tsaya ya yi jawabin shafi uku yana tona kansa ana ɗauka a waya. Mantuwa bayan haɗarin mota ta gaji. Jarumar kuma a ba ta dalilin fita da shiga mutane, ko ma'aikaciyar jinya ce, ko mai shagon POS da ke ganin kuɗin unguwa na wucewa ta hannunta, in ba haka ba za ta zauna a ɗaki ana kawo mata labari, littafin ya zama na wasu.

In an kawo hukuma, a kawo ta daidai. Maganar kisa ba ta ƙarewa a ofishin DPO. Ana mayar da ita sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar 'yan sandan jiha. Kotun majistare tana tura wanda ake zargi gidan gyaran hali ne a jira shawarar ma'aikatar shari'a, babbar kotu ce ke sauraron shari'ar, kuma abu ne na watanni ko shekaru. Saboda haka in aka kama Sadiƙu saura kwana 20 biki, ba zai fito da beli washegari ya sa babbar riga ba. Ko dai a bar barazanar kamun tana lilo a kansa ba tare da ta faɗo ba, ko a yarda ranar ta wuce babu ango. Bayanan kiran waya ma ba ƙawar jaruma ce ke samo su a kamfani cikin dare ɗaya ba.

Wajen rufewa, a fara kwance asirin, sannan soyayyar, kuma tazarar kada ta wuce babi biyu. Amma akwai sharaɗi: Asma'u ta yanke shawarar yarda da Sadiƙu kafin hujjar da za ta wanke shi ta bayyana, lokacin da yardar za ta iya jawo mata fushin Bappa da zunɗen dangi. In sai da aka wanke shi tas ta dawo, ba ta sadaukar da komai ba. A babin da za ta tsaya gaban manya ta ce, "Bappa, ku gafarce ni, ban yarda Hamma Sadiƙu ne ba," mai karatu ya kasance shi ma bai tabbata ba, kuma takardar da ke ɗauke da ainihin sa hannun tana nan cikin aljihun rigar marigayi da aka ba wa mai wanka sadaka tun shafi na 6.