Ba na kunna wuta sai na ƙwanƙwasa salansa

Rumfata tana gefen titin da ya fita daga cikin garin Sakkwato ya nufi Kware da Illela. Shekara 17 ke nan ina wurin, ni da kayan waldar gas, wato tukunyar kabayid da tulun oksijin, da yara uku masu koyon aiki. Duk ƙarfen da ya karye a jikin babur muna liƙe shi, kariya ce ko jek ko matakin ƙafa, amma abin da ke ciyar da gidana salansa ce. Rabin masu kawo mini aiki 'yan kabu-kabu ne. Sauran kuwa mutanen ƙauye ne da ke ɗora wa babur kayan da a da sai jaki biyu, buhun albasa, jarkokin ruwa, wani lokaci har da akuya a ɗaure a baya tana kuka.

Tun babur bai tsaya ba kunnena ya gama rabin bincike. In na ji wani siririn tsit-tsit daga wajen kan inji, gaskit ne ya ƙone, wato zoben nan da ke tsakanin bakin salansa da inji. In ƙarar ta buɗe tana fat-fat kamar injin niƙa, rami ne ko tsaga. In kuwa wani abu na kacau-kacau a ciki duk sanda aka faɗa gargada, farantan cikin tulun salansar ne suka saki. Su ne ke sa hayaƙi ya yi ta zagaye kafin ya fita, a nan ƙara ke mutuwa. Bayan kunne sai sifana. Nakan bi salansar da ƙwanƙwasa tun daga wuya har wutsiya. Inda ƙarfe ke da rai sai ya amsa ƙal, inda tsatsa ta cinye shi sai ka ji kamar kwali ka buga. Da wannan ƙwanƙwasar nake yanke hukunci, a liƙe ko a sauya.

Mutane kan tambaye ni, garin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ina tsatsa ta samo ruwa? Daga ciki take samo shi. Fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kusan litar ruwa a kowace litar mai, yana bin hayaƙi a matsayin tururi. In an yi doguwar tafiya salansa ta ɗauki zafi, tururin ya fice abinsa. Amma ma'aikacin da zai taso daga Runjin Sambo da sanyin hunturu, ya yi tafiyar minti biyar ya kashe babur a ƙofar ofis, ruwan nan kwanciya yake yi a ƙasan tulu har la'asar. Shi ya sa kullum a ƙasa ramin ke ɓullowa. Kuma ramin da ka gani kamar ƙwayar gero, kana kai masa wuta sai ya wage ya koma kamar bakin kofi, don duk kewayensa ya zama ɓawo.

Salansar ɗan kabu-kabu ba ta cika ruɓewa haka ba, tunda ba ta samun lokacin hucewa. Ita karyewa take yi a wuya. Notin baya, wanda ke riƙe tulu a jikin matakin fasinja, shi ke fara kwancewa ya faɗi a hanya, mai babur bai kula ba, ko ya kula ya ɗaure da waya ya ce sai gobe. Daga ranar duk nauyin salansar ya koma kan wuya, ga girgizar inji, ga ramukan hanya. Sati biyu ko uku sai tsaga ta fito. In na liƙe irin wannan ban mayar da notin baya ba, na ci kuɗin banza, don aikin zai dawo kuma sunana ne zai ɓaci.

Sai kuma tsofaffin baburan nan masu shan man 2T, irin su Jincheng da ta bi samfurin Suzuki AX100, waɗanda suka cika titunan garin nan kafin Bajaj Boxer ta zo ta ture su. Su ciwonsu daban. Man da suke ƙonawa tare da fetur yana shafe cikin salansa, tsatsa ba ta samun wurin kamawa, amma kunkunniya tana taruwa har ta shaƙe hanyar hayaƙi. Mai babur zai zo yana cewa mashin ba ya ja, ya sauya fulogi, an wanke kafireto, wani ma har an sa shi ya sayi fistin da ringi, alhali numfashi ne ya gagara. Maganinsa a cire salansar a gasa ta. Mukan kai ta bayan rumfa, mu bi ta da wuta har kunkunniyar ta kama ci da kanta, hayaƙi ya turnuƙe, mai shayin da ke kusa da mu ya fara yi mana Allah ya isa cikin wasa. In ta huce sai a bubbuga, baƙin gari ya yi ta zuba. Ka mayar ka ga babur ya farka kamar an yi masa sabon inji.

Irin wannan babur wani dattijo ya turo mini bara, bayan an kwashe albasa. Daga wani ƙauye na wajen Kware yake, ya ɗaure salansar da igiyar roba a kan kariya, shi kuma ya jiƙe da zufa. Na ba shi benci da ruwa, na ɗauki salansar ina juyawa. A wuya ta rabu biyu, kuma wani ya riga ni taɓa ta da waldar lantarki. An yi mata tabo a kan tabo, kowane tabo da ƙaramin rami a gefensa. Waldar lantarki ba laifi gare ta ba a kan firam ko ƙofar gida, amma ƙarfe marar kauri huda shi take yi, sai mai hannu ƙwarai. Mu da gas muke bin sa a hankali, inda ya yi siriri sosai kuma mu sa sandar tagulla, wadda ke narkewa tun ƙarfen bai kai ga narkewa ba.

Na ce, "Baba, wuyan nan ya gama aiki, amma tulun yana da sauran rai."

Ya ce, "Ɗana, tun da nis sayi mashin ga ba a taɓa sauya mai salansa ba. In kana iya gyara ta, gyara. Sabuwar da anka nuna min kasuwa, gwangwanin madara ya fi ta kauri."

Dariya na yi, don gaskiya ya faɗa. Na ɗauko wata sabuwa da ke rataye a rumfa na sa masa a hannun dama, tsohuwar a hagu, shi da kansa ya ji bambancin nauyi. Na tono wani wuya mai lafiya daga tarin tsofaffin salansoshin da nake saye a hannun 'yan gwangwan, na yanke ruɓaɓɓen, na gwada a jikin babur, na ɗiga walda wuri uku don ya tsaya daidai, sannan na sauke na zagaye shi a ƙasa. Ba na yin cikakkiyar walda alhali salansa na jikin babur. Tankin mai yana sama da kanka, tiyo na iya ɗiga, kuma na taɓa ganin abin da wuta ta yi wa rumfar wani abokin sana'a. Wani abin da na kiyaye shi ne tsawon wuyan. A babur mai 2T, tsawon salansa da kumburinta suna cikin lissafin injin, su ke taimaka masa ya fitar da hayaƙi ya riƙe sabon mai. Ka rage tsawon da yawa, babur zai tashi, amma ƙarfinsa ya tafi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aikin ya tsaya mana shi ne wajen ɗaurawa. Kusoshi biyu masu zare ne ke riƙe bakin salansa a jikin inji, sitod muke ce musu, ɗaya daga cikinsu kuma ya guntule, saura ɗan kai kamar ƙwayar masara. Babban yarona ya ɗauko injin huda. Na ce ya ajiye.

Na san abin da ya sa na hana shi. Ina shekara ta biyu da buɗe rumfa aka kawo mini wata Honda CG 125 da guntulallen sitod a kan inji. Na ɗauki injin huda da ƙarfin hali, bakin ya zame daga kan ƙarfe ya faɗa cikin alminiyam, wanda ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, ya yi rami a karkace. Kan injin nan bai sake moruwa ba. Ni na sayi wani da kuɗina, cinikin kusan sati biyu, mai babur kuma bai sake bi ta gabana ba. Tun daga ranar dabara ɗaya nake bi. A ɗora noti a kan guntun, a cika cikinsa da walda har su zama abu guda, a bar shi ya ɗan huce, a ɗiga baƙin mai, sannan a sa sifana ana yi gaba ana yi baya kaɗan-kaɗan. Zafin waldar ne ke karya tsatsar da ta riƙe zaren. Haɗarin yana ga kan injin alminiyam, don shi wajen digiri 660 yake narkewa, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Kana kallonsa fari tas sai ka ga ya zube. Na dattijon nan sai a noti na uku ya yarda ya juyo, biyun farko tsinkewa suka yi. Da ya fito, yaron ya ɗaga shi sama yana cewa, "Oga, ya hito!" kamar wanda ya ciro haƙori.

Ba kowace salansa nake liƙewa ba, ko da yake a liƙin nake samun kuɗi. In na ƙwanƙwasa na ji kwali daga tsakiya har wutsiya, nakan ce wa mutum ya je kasuwa. Faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe kamar ɗinki ne a tsohon zane, kana kama nan can na yagewa. Da can mutane ba sa musu. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga Sin da Indiya suka yi tsada, wanda a da zai sayi sabuwa ba tare da ya zauna ba, yanzu sai ya roƙe ka ka lallaɓa masa ta kai shi bayan salla. Nakan yi, amma sai na faɗa masa a gaban mutane cewa wannan ba ta wuce wata biyu. Wanda zai saya kuwa shawarata uku ce ba ta sauyawa. Ya je da tsohuwar a hannu a gwada ramukan noti, don samfurin babur ɗaya kan zo da salansa iri biyu. Ya auna nauyi da hannunsa. Ya haɗo da sabon gaskit, don tsohon in an matse shi sau ɗaya ya gama. In ya dace da ta Beljiyam, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, ko wadda aka cire daga babur ɗin da ya yi hatsari, sau da yawa ta fi sabuwar mai ƙyalli.

Akwai aikin da nake ƙi. Samari kan zo a huda musu salansa a fitar da farantan ciki, wai babur ya riƙa ruri ranar ɗaurin aure ko ranar kamfen. Ban da hana unguwa barci, injin ma cutuwa yake yi. An saita kafireto ne daidai da salansar da ke riƙe hayaƙi, in ka buɗe ta sai lissafin mai da iska ya rikice, inji ya riƙa zafi yana harbi in an saki totur, a kwana a tashi bawul ya ƙone. Wata uku sai ka ga yaron ya dawo yana neman a toshe abin da ya biya aka buɗe. Akwai kuma aikin da nake yi ko ba a sa ni ba, wato mayar da murfin da ke kare ƙafar fasinja. 'Yan kabu-kabu da yawa in ya fara ƙara sai su cire su jefar. Duk wanda ya ga tabon salansa a ƙaurin yarinya 'yar makaranta, ko hijabin da ya narke ya manne da ƙarfe, ba zai ga tsadar noti biyu ba.

Dattijon nan sai bayan la'asar muka sallame shi. Na sa aka tura babur ɗin waje kafin a tayar, don ba na yarda a bar inji na aiki a cikin rumfa, hayaƙinsa na da gubar da ba ta wari. Bugu biyu ya tashi. Na kai tafin hannu kusa da wuyan ina neman iska, ban ji komai ba. Na ce masa in ya yi kwana biyu yana hawa ya sa a ƙara matse notocin nan biyu bayan inji ya huce, a hankali, kada a sa ƙarfi. Ya biya rabin kuɗin, ya ce sauran sai ya sayar da albasa. Bayan kwana tara sai ga shi da sassafe, tun daga nesa na gane ƙarar. Ya ba ni cikon kuɗina, ya kwance rabin buhun albasa daga kariya ya ajiye a bakin rumfa, sannan ya nuna mini jek ɗinsa da ya fara tsagewa.