Godiya ga waɗanda ba zan ambaci sunansu ba

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, walimar da 'yan uwa da abokan aiki suka shirya mini ranar Asabar a nan Sakkwato ta tashi lafiya. An yi ta ne saboda na ajiye shiga ƙauyuka binciken take haƙƙin ɗan Adam, zan koma horar da matasan da za su karɓe mu. Baƙin da suka taso daga Wurno, Gwadabawa da Illela, malaman da suka yi mana addu'a, da matan unguwa da suka kwana a bakin murhu, Allah ya saka muku da alheri.

Inna, ke ce kan gaba. A 2021 da aka katse layukan waya a gabashin jihar, ina wajen Sabon Birni, ba ki da hanyar sanin ko ina raye. Duk da haka ba ki taɓa cewa in bari ba, sai dai "Allah ya tsare". Uwargida, ke kika riƙe gida da yara, na gode.

Amma waɗanda suka fi cancantar godiyar nan ba su zo walima ba, kuma ƙa'idar aikinmu ta hana in faɗi sunansu, don faɗin na iya jawo musu kisa. Ina nufin mutanen Tabanni da suka yi gudun hijira zuwa Gandi, a ƙaramar hukumar Rabah, a 2018. Ina nufin waɗanda suka tsira daga harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da 'yan uwanmu da suka tsallaka iyaka suka fake a jihar Maraɗi. Ba mu kai musu ko mudun gero ba, tambayoyi kawai muka kai, amma suka shimfiɗa mana tabarma.

Ba zan manta da wani dattijo ba. Ya riƙa kiran sunayen mamatan gidansu ɗaya bayan ɗaya, yana jira in gama rubuta wannan kafin ya kira na gaba. Da ya gama ya ce, "Ɗana, karanto mini in ji." Na karanta, ya gyara mini sunan uban mutum guda, sannan ya yarda na rufe littafin. Irin wannan amana ce ta sa ba ma ɗaukar muryar kowa sai da izninsa, ba ma rubuta abu sai shaidu daban-daban sun faɗa, kowa shi kaɗai. Ita ce kuma ta sa muke sauraren manomin da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin ya girbe gonarsa, mu kuma saurari makiyayin da 'yan sa-kai suka kashe wa ɗa ba da haƙƙi ba. An zage mu a kan haka daga ɓangarorin biyu, kuma har yau ina ganin shi ne daidai.

Abokiyar aikina da ke shiga wajen mata, abin da suka gaya miki ba za su taɓa gaya wa namiji ba, Allah ya biya ki. Direbobi da 'yan kabu-kabu da suka san hanyar da za a bi da wadda ba a bi bayan la'asar, da limamai da masu gari da suka ba mu masauki, ina godiya.

Roƙona ga duk wanda ya karanta: har yanzu akwai mutanen Isa da Sabon Birni a hannun masu garkuwa. Ku sa su a addu'a, Allah ya kuɓutar da su.