Ranar da muka jingine kekuna a Melk

Mun shiga Melk, wani gari a Ostiriya, da yamma ƙafafu sun yi nauyi, bayan mun bar fiye da kilomita 200 a baya tun daga Passau, garin da ke bakin iyakar Jamus da Ostiriya. Hanyar keke ta gefen kogin Danube shimfiɗaɗɗiya ce, hawa kaɗan ne a cikinta, amma wuni kan sirdi kullum yana tara gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya saukewa. Shi ya sa da jagoranmu ya ce gobe babu tafiya, babu wanda ya yi musu sai matasa biyu da ke ɗokin isa Viyana.

Ina goyon bayan jagoran ɗari bisa ɗari. Tsoka a lokacin hutu take gyara kanta, kuma a tafiyar ayari raunin mutum ɗaya kan riƙe kowa. Ko a gasar tseren keke ta Tour de France, mai zango 21, ana ware ranaku biyu na hutu, duk da cewa 'yan tseren kan ɗan taka keken a hankali don kada ƙafa ta sandare.

Da safe farfajiyar masaukinmu ta koma garejin gyara. An kifa kekuna, tayoyi na kallon sama, rigunan da aka wanke suna ɗiga a kan igiya. Wani dattijo a cikinmu, wanda a hanya ba ka jin bakinsa, ya tsuguna gaban kekena yana murza feda da hannu, ya kasa kunne.

"Ɗana, sarƙar nan tana kuka. Miƙo tsumma."

"To, Baba."

Ya goge ta tas, ya ɗiga mai a kowace gaɓa, ya sake share na saman. Ya ce man da ya yi yawa shi ke kama yashi, yashin kuma ya ci haƙoran ƙarfe. Daga nan ya bi tayar da ɗan yatsa har ya zaƙulo ɗan tsinin kwalba da ya nutse a roba, saura ƙiris ya huda tub. Muna wannan aiki ne na ji labarinsa: matarsa ce ta koya masa son tafiyar keke, kuma tun rasuwarta bai fasa fita ba. A kan hanya, inda kowa ke bin bayan wani yana haki, ina za a samu sukunin irin wannan hira?

Da hantsi muka haura da ƙafa zuwa wani katafaren gidan ibadar Kirista mai launin rawaya da ke kan dutse yana leƙen kogi. A 1089 ne Leopold na Biyu, mai mulkin Ostiriya a lokacin, ya ba 'yan ɗariƙar Kirista ta Benedict wurin, ginin da ake gani yanzu kuwa an tayar da shi tsakanin 1702 da 1736. Har yau akwai makarantar sakandare a ciki. Ɗakin karatun ne ya fi riƙe ni: littattafai masu bangon fata jere tun daga ƙasa har rufi, kuma gidan gaba ɗaya yana ajiye da kusan littattafai 100,000, ciki har da rubuce-rubucen hannu na ɗaruruwan shekaru. Daga barandar da ke kusa da ɗakin karatun na hango siririyar hanyar da muka biyo jiya, masu keke na wucewa ƙanana kamar tururuwa.

Bayan azahar kowa ya kama gabansa. Wasu barci, wasu kiran gida, matasan nan biyu suka ɗan zaga bakin kogi suka dawo.

Da daddare jagora ya baje taswira a kan tebur. Gobe za mu ratsa kwarin Wachau, kimanin kilomita 36 zuwa Krems, yankin gonakin inabi da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Za mu tsaya a Dürnstein, inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a 1192. Ya ce kowa ya duba iskar tayarsa da birki kafin ya kwanta, ƙarfe 8 za a tashi.