Gidan Sardauna a Kaduna

Jiya na dawo Sakkwato daga Kaduna, amma hankalina yana Arewa House, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiyan Arewa. Titin ma sunan Rabah yake ɗauke da shi, garin da aka haife shi. A harabar nan sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu ranar 15 ga Janairu 1966. Na daɗe gaban hotunansa, rawani a naɗe tsaf, wallahi sai da idona ya cika. Yanzu cibiyar binciken tarihi ce ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Allah ya jiƙansu. Hutu mai zuwa zan kai yarana, in sha Allahu.